Labari Cikin Hira: Sandar Dattawa Wajen Sulhu

Jawabin da aka gabatar a taron Jubili na cikar Ikkilisiya shekara 50

 

Kan maganar da kwamitin shirye-shirye ya ɗora mana shi ne amfanin ba da labari cikin hira wajen sulhunta mutane. Wataƙila wani zai ce, me ya haɗa wannan da Jubili? Amsar ba ta da nisa. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa, kuma jama'ar da ta zauna wuri ɗaya shekara 50 ta saɓa ba sau ɗaya ba, ba sau ɗari ba. Wannan ɗan littafi da ke hannunku zai nuna muku hotunan gini da sunayen waɗanda suka yi shugabanci. Ba zai nuna muku auren da ya kai bakin mutuwa aka ceto shi ba, ko 'yan'uwan da suka daina gaisawa saboda gado suka komo suna cin tuwo a kwano ɗaya, ko maƙwabcin da ya rantse sai ya kai ƙara kotu amma aka wayi gari ya fasa. Ba a rubuta waɗannan a littafin rahoton taro ba. A zaure aka yi su, a kan tabarma, kuma sau da yawa abin da mai sulhun ya zo da shi bai wuce labari ba.

Bari mu ɗauki misali irin wanda kowa a bakin gulbin nan ya sani. A ce wa da ƙane sun gaji fadama ɗaya. Ruwa ya zo ya shafe kunyar da ta raba gonakinsu, da ya janye sai kowa ya nuna inda yake ganin iyaka take. Magana ta yi zafi, matansu sun daina aron turmi, yara sun daina shiga gidan juna. Dattijon da ya san aikinsa ba ya farawa da kiran su biyun gaban mutane, gama ya san in ya yi haka kowa zai zo da shaidunsa, fuska a ɗaure. Sai ya bari a ci tuwon dare, ya ɗauki sandarsa ya nufi gidan wan kamar mai wucewa. Za a yi doguwar gaisuwa: ina gajiya, ina iyali, yaya tsuntsaye a gonar shinkafa bana. Za a taɓa tsadar taki. Can sai dattijo ya ce, "Af, ka tuna mini da wasu mutum biyu a wani gari can yamma, zamanin muna yara. Ubansu masunci ne, ya rasu ya bar musu jirgi ɗaya. Wannan ya ce shi zai fita da shi da asuba, wancan ya ce shi ma da asuba. Aka ce to ku yi kwana-kwana, suka ƙi. Daga ƙarshe babban ya ce a kawo zarto a raba, kowa ya san nasa. Aka raba. Shekarar nan kaf a jirgin haya suka yi kamun kifi, nasu kuwa matansu suka hura wuta da shi." Maigida zai yi dariya ya ce, "Kai, Baba, ai babban ne wawa, shi da ya kamata ya riƙe gidan!" Dattijo ba zai ƙara komai ba. Zai nemi ruwa ya sha, ya ce dare ya yi, a gaida mutanen gida.

Wanda ya yanke hukunci a daren nan ba dattijo ba ne. Maigida ne, da bakinsa, kuma da hukuncin zai kwana.

A gidan ƙanen kuwa wani labari dabam zai ba da, wanda ba ƙirƙira ba ne. Zai tuna shekarar da ubansu ya kwanta ciwo, wan ya bar makaranta ya riƙe gonar, har da kuɗin shinkafar nan aka yi wa ƙanen aure. Ƙanen ya san da haka sarai, fushi ne ya binne shi. Irin wannan labari, wato na gaskiya da ya faru a gidan masu faɗan, ya fi kowace tatsuniya ƙarfi, shi ya sa baƙo komai iliminsa ba ya iya sulhu kamar tsohon da ya ga ranar sunan masu gardamar. Sai bayan kwana biyu ko uku za a haɗa su, a tafi gonar da igiya, a kira masu noma a gefensu, a kafa alama.

Me ya sa dattawa suke bin wannan doguwar hanya, alhali suna iya cewa wane ka yi laifi a gama? Domin mutumin da aka ce wa ya yi laifi yakan daina ji tun daga kalmar farko, ya shiga shirya amsa. Labari kuwa ba shi da wanda za a mayar wa martani. Mai sauraro yakan ajiye garkuwarsa ya bi masuntan nan biyu har bakin ruwa, kafin ya farga ya riga ya faɗi gaskiya. Har wa yau akwai maganar mutunci. A ƙasar nan magidanci zai gwammace ya yi asarar kadada guda da a ce an kayar da shi gaban matansa da surukansa. Labari yakan bar masa ƙofar fita, washegari ya ce, "Na yi tunani a daren jiya," kowa kuma ya yi kamar bai san inda tunanin ya fito ba. Ta wannan hanya ce kuma na ƙasa ke iya gaya wa na sama gaskiya ya kwana lafiya: mata ga miji, ɗa ga uba, talaka ga sarki.

Amma a kula, labarin sulhu dabam, habaici dabam, ko da yake a kunne suna kama. Dukansu ba sa kama suna. Mai habaici yana so 'yan kallo su gane da wa yake, shi ya sa yakan zaɓi bakin rijiya ko gidan biki. Mai sulhu yana so mutum ɗaya kaɗai ya gane, shi ya sa yakan zaɓi dare da zaure. Wanda ya tashi a taron jama'a ya ce zai ba da wani ɗan labari, kowa kuma ya juya yana duban mutum ɗaya, wannan gugar zana ya yi, kada ya ce mana sulhu ya zo yi.

Masu karatun Littafi Mai Tsarki sun san wannan dabara tsohuwa ce. A Littafin Sama'ila na Biyu sura 12, da Sarki Dawuda ya ɗauke matar Uriya ya kuma sa aka kashe shi, annabi Natan bai shiga fada da zargi ba. Labarin wani attajiri mai garke ya kawo, wanda ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tilo ta maƙwabcinsa matalauci ya yanka wa baƙonsa. Dawuda ya husata ya yanke wa attajirin hukunci. Sai dai Natan bai nemi ruwa ya sha ya tafi ba kamar dattijonmu na ɗazu. Ya tsaya ya gaya wa sarki a fili cewa da shi ake, gama an zubar da jini, kuma jini ba iyakar gona ba ne. A sura 14 kuma Yowab ya aiko wata mace mai hikima daga Tekowa, ta zo a matsayin gwauruwa mai 'ya'ya biyu, ɗaya ya kashe ɗaya, dangi kuma suna neman ran wanda ya rage. Da sarki ya yi mata alkawarin kare ɗanta, sai ta juyo da maganar kan Absalom, wanda ya yi shekara 3 yana gudun hijira a Geshur. Dabara ta ci, Absalom ya dawo Urushalima. Amma ya shekara 2 bai ga fuskar ubansa ba, mun kuwa san yadda abin ya ƙare. Labari ya buɗe ƙofa, ba a shiga an zauna an yi sauran maganar ba.

Yanzu mu dawo gida, domin abin da ke faruwa tsakanin wa da ƙane yana faruwa tsakanin gari da gari, kuma ƙasar da muke zaune a kanta shaida ce.

A farkon ƙarni na 16 Muhammadu Kanta ya ɓalle daga Askiya na Songhai ya kafa daular Kabi, da babban birninsa a Surame. Daga baya sarakunan Kabi suka koma Birnin Kebbi. A shekarar 1805 rundunar jihadi a ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi, amma Kabawa da yawa ba su miƙa wuya ba. A 1831 aka kashe Sarkin Kabi Karari bayan an kewaye Argungu, aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato, inda ya zauna wajen shekara 18. Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya sake shi, a 1849 kuwa ya ɗaga tutar yaƙi daga Argungu, Arawa da Dandawa da Zabarmawa suka mara masa baya. To, ku dubi wannan abu guda ɗaya. Wanda ya tsaya a Sakkwato ko Gwandu zai iya ba da shi a matsayin labarin mutumin da aka yi wa alheri ya ci amana. Wanda ya tsaya a Argungu zai ba da shi a matsayin labarin ɗan da ya koma ya tayar da gidan ubansa. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kowa daga inda ya fara labarin ne. Yaro kuwa da irin labarin da ya ji a gindin kakarsa yake tashi.

An gwada sulhu. Wajen 1867, zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga, aka ƙulla yarjejeniyar da har yau ake kira Lafiyar Toga. Kimanin shekara 8 ta yi, a 1875 ta warware, aka koma fagen fama. Sarkin Kabi Sama'ila, wanda ya yi sarauta daga 1883 zuwa 1915, ya yi suna a yaƙi ƙwarai, kuma wajen 1892 Sarkin Musulmi Abdurrahman ya kawo wa Argungu yaƙi da kansa bai ci nasara ba. Zuwan Turawa, da cin Sakkwato a 1903, shi ya tsayar da yaƙin.

Ga inda muke so ku lura. An ajiye takobi a 1903, amma sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya zo Argungu a matsayin baƙo, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya karɓe shi. Shekara 31 ke nan tsakani, a tafiyar da ba ta fi 'yan kwanaki a kan doki ba. Bature ya iya hana mutane harbin juna, bai iya canja abin da suke faɗa wa 'ya'yansu da dare ba. A wannan ziyara Kabawa ba su nuna wa baƙonsu makaman kakanninsu ba, gulbi suka kai shi. Masunta suka faɗa ruwa da homa da gora, aka yi masa bikin kamun kifi. Daga nan bikin Argungu da muka sani ya samo asali, wanda ake yi a Matan Fada, masunta har daga Jamhuriyar Nijar suna zuwa, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su.

A ganinmu babbar ribar 1934 ba kifi ba ne. Ribar ita ce an samu labari guda wanda Basakkwace da Bakabe za su iya bayarwa a zaure ɗaya ba wanda zai sunkuyar da kai. Duk lokacin da aka yi bikin, a jawabi da a rediyo da a bakin mai sayar da shayi, sai an maimaita cewa daga ziyarar zumunci abin ya faro. Tsofaffin labaran ba su mutu ba. Wanda ya shiga gidan tarihi na Kanta a Argungu, wanda aka buɗe a 1958 a tsohuwar fadar sarki, zai ga makaman yaƙin da idonsa. Amma an samu sabon labari da aka ɗora a kansu. Yau Sarkin Gwandu yana zaune a Birnin Kebbi, garin da Kabawa suka rasa a 1805, Sarkin Kabi yana Argungu, kuma tun ranar 27 ga Agusta 1991 masarautun biyu suna jiha ɗaya tare da Yawuri da Zuru. Mutum yakan karya kumallo a wannan gari ya je wancan cin kasuwa ya dawo kafin la'asar.

Kakanninmu suna da wata hanyar kuma ta mayar da tsohon faɗa labarin dariya, wato wasan barkwanci. Bafulatani da Babarbare kowa yana cewa ɗan'uwansa bawansa ne, haka Bakano da Bazazzagi, haka Bagobiri da Bayarabe. A cikin gida ma akwai taubasai, 'ya'yan mace da 'ya'yan namiji, masu bin juna kuɗin shara a watan Muharram. Sau nawa cacar baki ta tashi a tasha, sai wani ya gano ashe abokan wasa ne, ya jefo labarin yadda kakan wannan ya yi wauta a gidan kakan wancan, faɗa ya koma dariya? Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗauki abin da muhimmanci har UNESCO ta amince da nasu a 2014. Mu a nan muna da shi a hannu, sai dai yaranmu na birni da yawa ba su san ko su waye abokan wasansu ba.

'Yan'uwa, ba domin daɗin tarihi muka kawo wannan duka ba. Abubuwan da ke haɗa mutane faɗa a kwarin Rima ba raguwa suke yi ba. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamba 2015, aka kuma buɗe babban injin casar shinkafa a Argungu a 2017, kowa ya ga yadda fadama ta yi daraja. Gonar da dā ake ba da aronta da fatar baki, yau jikoki suna tambayar takarda. Makiyayi yana neman burtali da mashaya a inda manomin rani ya kafa injin ban ruwa. Ambaliya irin ta 2020, wadda ta cinye shinkafa mai yawa a jihar nan, takan tafi da iyakoki tare da amfanin gona. Mu kuma da yawanmu aiki ko kasuwanci ko aure ya kawo mu daga Zuru, Yawuri da wasu jihohi. Muna haya a gidajen maƙwabtanmu Musulmi, muna noma kusa da su, yaranmu suna aji ɗaya da nasu. Ƙaramar gardama a kan kuɗin haya ko akuyar da ta shiga lambu, idan ta faɗa bakin da bai dace ba, kafin dare sai ta zama maganar addini ko ta ƙabila.

Ga kuma wayar hannu. Labarin dattijo yana zuwa da sallama, da fuska, kuma mai shi gobe za a gan shi a kasuwa, in ya yi ƙarya za a tare shi. Labarin da ke shigowa ta WhatsApp ba sallama, ba fuska, da "an ce" yake farawa, kuma kusan kullum irin wanda ke tunzura ne. Dattawanmu sukan tambayi mai kawo labari, kai ka gani ko an gaya maka? Wannan tambaya ba ta tsufa ba, a riƙa yi wa waya ita kafin a tura wa na gaba.

Akwai wani abu da ya kamata mu faɗa ko da ba zai yi wa kowa daɗi ba. Ana iya amfani da labari a danne gaskiya. Mun lura labaran haƙuri sun fi yawa a kunnen mata da talakawa, ba safai ake kai su gidan mai ƙarfi ba. Mace ta zo da kumburin fuska, sai a zaunar da ita a ba ta labarin wata baiwar Allah da ta yi haƙuri shekara 30, a mayar da ita ɗakinta, mijin kuwa ba wanda ya taka zaurensa. Wannan ba sulhu ba ne, rufe ciwo ne da ƙuda a ciki. A irin wannan wuri hanyar Natan ake bi: a je wurin mai laifin, a ba shi labarinsa, in bai gane ba a kama sunansa. Haka nan idan shanu sun cinye shinkafar mutum, labari zai iya sa manomi da makiyayi su zauna a tabarma ɗaya gaban mai unguwa da ardo, amma bayan an zauna sai an je an duba ɓarna, an yanke abin da za a biya, an kuma biya. Gwauruwar da dangin miji suka ƙwace wa gona, gonarta take bukata. Inda abin ya fi ƙarfin zaure kuwa, akwai hakimi, akwai kotu, kuma kai magana can ba rashin zumunci ba ne.

Wanda zai yi wannan aiki sai ya zama mai riƙon asiri, gama abin da ya ji a gidan wa ba na kai wa gidan ƙane ba ne. Sai kuma ya fi yawan sauraro. Kafin dattijonmu ya ba da labarin jirgi, ya riga ya bar maigida ya zazzage nasa labarin tun daga farko har ƙarshe bai katse shi ba. Mutane da yawa da ke cewa sai kotu, abin da suke nema shi ne wani ya zauna ya ji yadda abin ya faru daga bakinsu.

Muna da roƙo ɗaya ga matasa. A wannan mako na Jubili tsofaffinmu sun taru, wasu daga nesa, kuma ba kullum za a same su wuri ɗaya haka ba. Bayan cin abincin dare ku shimfiɗa musu tabarma, ku kawo wayoyin nan naku ku ɗauki muryarsu, da izininsu. Ku tambaye su wa ya ba su masauki da suka fara zuwa garin nan, wa ya ba su aron gona, wace maƙwabciya ce ta karɓi haihuwar 'ya'yansu, wa ya tsaya musu ranar da hankali ya tashi. Ku rubuta sunayen gidajen, ku ba Dattawan Ikkilisiya su adana, gama jikokin waɗannan gidaje su ne maƙwabtanku na yau.